Tarihin Shata Wuraren Haɗarin Wuta da Darasin Zangunan Akra

Gabatarwa

A daren Laraba, 3 ga watan Yuni na shekarar 2015, an tafka ruwan sama a Akra, babban birnin Gana, har kogin Odo ya cika ya tumbatsa. Mutane da yawa da ke kan hanyarsu ta komawa gida suka fake a wani gidan mai na kamfanin GOIL, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Ambaliya ta shiga gidan man, fetur ya taso ya bazu a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 ne suka rasa rayukansu, shugaban ƙasa na lokacin, John Dramani Mahama, ya ayyana zaman makoki na kwana uku.

Mutanen Nima da Maamobi ba su ji wannan labari daga nesa ba. Babban lambatun da ya ratsa tsakanin unguwannin biyu a kogin Odo yake zuba, ba da nisa da inda abin ya auku ba, kuma shataletalen nan ne mahaɗar motocin da suke hawa kullum. Wannan muƙala za ta bi tarihin wani fannin ilimi da aka ƙirƙira domin hana irin wannan masifa, wato ilimin shata wuraren haɗari kafin a kafa kayan lantarki a cikinsu, sannan ta duba dalilin da ya sa amfaninsa yake da wuyar isa zango.

Yadda zango ya zama unguwa

A asalin Hausa, zango shi ne wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya. Fataken goro da suke zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato sun kafa zanguna a kan hanya, kuma babbar kasuwarsu ita ce Salaga. A bakin mutanen Gana kalmar ta koma zongo, ma'anarta kuma ta faɗaɗa, ta zama unguwar baƙi 'yan arewa, waɗanda Hausa ce harshen da ya haɗa su ko da ba Hausawa ba ne.

Abubuwa biyu suka karkato da waɗannan baƙi zuwa bakin teku. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ƙarfin daular Asante, wato Tonawa, ya raunana a kan hanyoyin goro. A cikin rundunar da ta yi wannan yaƙi akwai dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko, wasunsu kuma suka zauna a Akra, garin da tsofaffin fatake suke kira Ankara. Sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete Karachi da Kintamfo da sauran garuruwa. A tsakanin nan, a 1877, Turawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Kef Kos zuwa Akra, garin ya soma cika. Malam Neno, mutumin Katsina, ya samu fili a hannun sarakunan Ga ya kafa zango a tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zongo wajen 1912.

Nima ƙanwa ce a cikin waɗannan unguwanni. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya samu filin daga dangin Odoi Kwao na Osu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sansanonin soja da filin jirgin sama suka jawo leburori da masu dafa abinci da masu gadi, yawancinsu daga arewacin Gana da ƙasashen da Faransa take mulka, suka sauka a Nima domin ɗakin haya ya fi araha. Maamobi ta bunƙasa a ƙetaren rafi. Abin lura shi ne, har zuwa farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni. Ba a shata mata tituna ba, ba a ware mata wurin kasuwa dabam da wurin kwana ba, ba a gina mata magudanan ruwa ba. Turawan da suka ware wa kansu unguwar Rij mai faɗin fili da iska sun iya shata ƙasa sarai, amma ma'auninsu shi ne launin fata da matsayi. Lokacin da birni ya haɗiye Nima, gidaje sun riga sun haɗe da juna, lungu da kyar mutum biyu suke giftawa.

Darasin da aka koya a ramin kwal

Ilimin da muke magana a kansa a ƙarƙashin ƙasa aka haife shi. A ramukan haƙar kwal na Ingila akwai iskar mitan, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kamawa da wuta idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin. A 1812 ta fashe a ramin Felling, mutum 92 suka mutu. Bayan shekara uku, a 1815, Humphry Davy ya ƙera fitilar da aka lulluɓe harshenta da ragar waya mai ƙananan idanu. Iskar za ta iya shiga ta ƙone a ciki, amma ragar tana shanye zafin, don haka wutar ba ta fita waje. Wannan dabara, ta tsare wuta a cikin keji, ita ce kakar akwatunan ƙarfen da ake rufe injinan lantarki a cikinsu a yau.

Da lantarki ya shiga ramuka a ƙarshen ƙarni na 19, an zaci an rabu da haɗari tun da babu harshen wuta a fili. Ashe ba a rabu da Bukar ba. A ranar 14 ga Oktoba, 1913, ramin Senghenydd da ke Wales ya fashe, mahaƙa 439 suka halaka, asarar da ba a taɓa yin irinta ba a tarihin haƙar kwal na Birtaniya. Zato mafi ƙarfi ya faɗa kan ƙararrawar da ake aika saƙo da ita. Wayoyi biyu ne tsirara a jikin bango, ma'aikaci yakan haɗa su da wuƙa ko wani ƙarfe, ƙararrawa ta kaɗa. Batir ne yake ba su wuta, ƙarfinsa kuma kaɗan ne, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Gwaje-gwajen da R. V. Wheeler ya yi bayan haka sun nuna cewa ɗan tartsatsin da yake fita yayin da aka raba wayoyin ya isa ya kunna mitan. Daga nan aka samu dabara ta biyu: a rage ƙarfin wutar da take bin waya har ya zamana ko ta yi tartsatsi ba za ta iya kunna komai ba.

Kayan da aka ƙera ta waɗannan hanyoyi suna da tsada, ba zai yiwu a sa su ko'ina ba. Dole aka koma ga tambayar da ta haifi fannin: ina ne ainihin wurin haɗari, kuma iyakarsa daga ina zuwa ina?

Aji-aji da shiyya-shiyya

Amurka ta amsa tambayar a cikin kundin ƙa'idojin lantarkinta, wanda aka fara bugawa a 1897. A 1931 kundin ya kasa wuraren haɗari aji-aji bisa ga abin da yake iya kamawa: aji na ɗaya na gas da tururin mai, na biyu na ƙura, na uku na zare da ɓurɓushin auduga. Shigar da ƙura ba abin mamaki ba ne, domin tun a 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa babban injin niƙa na Washburn a birnin Minneapolis, mutum 18 suka mutu. A 1947 aka ƙara raba kowane aji gida biyu: inda abin yake nan a lokacin aikin yau da kullum, da inda ba ya fitowa sai an samu matsala.

Turai da hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, wadda aka kafa a 1906, sun bi tsarin shiyya, wanda yake cikin jerin ƙa'idoji mai lamba 60079. Shiyya ta 0 ita ce inda tururi mai kamawa yake nan kullum ko na dogon lokaci. Shiyya ta 1 ita ce inda ake sa ran ya riƙa bayyana a cikin aiki na al'ada. Shiyya ta 2 kuwa ita ce inda ba a sa ran ganinsa, in ma ya fito ba zai daɗe ba. Injiniyoyi sukan kimanta da awoyi: fiye da awa 1,000 a shekara ga ta farko, tsakanin 10 da 1,000 ga ta biyu, ƙasa da 10 ga ta uku. Ƙura tana da nata shiyyoyi, 20 da 21 da 22. Kowace na'ura kuma ana buga mata alamar shiyyar da ta dace da ita, da iyakar zafin da jikinta zai iya kaiwa, daga T1 mai digiri 450 zuwa T6 mai digiri 85.

Gidan mai ya ishe mu misali. Sararin da yake saman fetur a cikin tankin ƙarƙashin ƙasa shiyya ta 0 ne. Cikin akwatin famfo da ramin da ake buɗe bakin tanki shiyya ta 1 ne. Filin da yake kewaye da su, zuwa wasu 'yan mitoci, shiyya ta 2 ne. A nan akwai ƙa'ida guda da ya kamata mai karatu ya riƙe: rami ko kwata da take cikin filin haɗari ana ɗaukarta ta fi filin da yake samanta haɗari. Dalili kuwa shi ne tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, gas ɗin girki kuma sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba sa tashi sama kamar hayaƙi. Suna kwanciya, suna gangara kamar ruwa, suna taruwa a inda ya fi zurfi.

Zuwan lantarki da fetur da gas

A 1914 hukumar jirgin ƙasa ta fara samar da lantarki a Sakandi, Akra kuma ta samu nata a 1922. Matatar mai ta Tema ta soma aiki a 1963, madatsar ruwa ta Akosombo kuma Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairu na 1966. A daidai wannan lokaci, daga 1965 zuwa 1968, wani Bature masanin halayyar al'umma, Keith Hart, ya zauna a Nima yana nazarin yadda baƙi 'yan ƙabilar Farafara suke neman abinci. Rubutun da ya buga a 1973 shi ne ya yaɗa batun tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, wanda duniya take amfani da shi har yau. Abin da ya gani shi ne mutane masu sana'a biyu ko uku, a ɗaki guda, ba lasisi ba albashi.

A cikin irin wannan ɗaki ne wayar lantarki ta shigo. Gida ɗaya mai ɗakuna goma ko fiye, mita ɗaya, kowa ya ja waya zuwa nasa. Bayan ta, daga wajen 1990, gwamnati ta ƙarfafa wa jama'a guiwar yin girki da gas domin a rage sare itatuwa, tukunyar gas ta shiga tsakar gida da rumfunan masu sayar da wake da shinkafa da tuwon zafi. Sannan aka shiga shekarun ɗauke wuta da mutanen Gana suka laƙaba wa suna dumso, daga 2012 zuwa 2016, janareta da jarkar fetur suka zama kayan shago.

Kada a ɗauka kakanninmu ba su san shata wurin haɗari ba. Bahaushe bai taɓa gina rumbu a jikin murhu ba, maƙera tana da nata wuri, kuma kowace uwa ta san a kashe wuta kafin a kwanta idan hunturu ya kama. Sai dai wannan ilimi an gina shi ne a kan wutar da ido yake gani. Itace da gawayi ba sa kamawa sai an kai musu wuta. Ko kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama sai ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa yana fitar da nasa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kuma da zarar tururin ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya ishe shi. Lita ɗaya ta ruwan gas idan ta tsere daga tukunya tana zama kimanin lita 250 na iska mai kamawa. Hikimar murhu ba ta tanadi wannan ba.

Abin da 3 ga Yuni ya tona

Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Isaac Douse ya jera musabbabai hawa uku: ambaliyar da ta mamaye wurin, man da ya malalo daga gidan man, da guntun taba mai wuta da wani ya yar a kan ruwan. Mai karatu zai ce, to ai ba lantarki ne ya kunna ba. Gaskiya ne. Amma taswirar haɗari ba ta damu da wanda ya kawo tartsatsi ba. Aikinta na farko shi ne ta faɗi inda mai ko tururinsa zai iya kaiwa, sannan a nisanta duk abin da yake kunna wuta daga nan, ko makunni ne, ko injin mota, ko ashana. A wannan dare taswirar ce ta tashi daga inda aka zana ta. Fetur ya fi ruwa sauƙi, don haka ya hau kansa, ruwa kuma ya kai shi tituna da gidajen da ba wanda ya taɓa lissafa su a cikin wata shiyya. Layin da aka ja a ranar rani bai san da damina ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Odo da rassansa, har da rafin Nima, sun daɗe suna cikewa da yashi da shara, an kuma yi gine-gine a hanyar ruwa. Kafin watan ya ƙare hukumar birni ta tura motocin rusau zuwa Tsohuwar Fadama, a bakin tafkin Korle, inda yawancin mazauna 'yan arewa ne, dubban mutane suka rasa matsuguni. Sunan unguwar kansa Hausa ne, kuma duk wanda ya san ma'anar fadama ya san ruwa yana da haƙƙi a wurin. Amma talakan da ya kafa rumfa a fadama ba shi ne ya ba da izinin binne tankin mai a kwari ba.

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga wani. A watan Disamba na 2016 wata tashar gas ta fashe a unguwar La, kusa da filin baje koli. A ranar 7 ga Oktoba, 2017, gas ya tsere yayin da wata tanka take sauke kaya a mahaɗar Atomik, kusa da Madina, wadda ita ma babban zango ce. Mutum 7 suka mutu, fiye da 130 suka ji rauni. Nan da nan aka yi ta yaɗa cewa wutar wani mai tsire ce ta jawo. Ko da a ce haka ne, tambayar da fannin nan ya koya mana mu yi ita ce: me ya kai gas wurin mai tsire, kuma wa ya yarda a kafa tashar gas a inda masu tsire da masu jiran mota suke cincirindo? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Doka da iyakarta

Gana ba ta rasa dokoki ba. Akwai Hukumar Makamashi da aka kafa da dokar 1997, akwai Hukumar Man Fetur ta Ƙasa ta 2005 mai ba gidajen mai da na gas lasisi. Ƙa'idojin haɗa wayar lantarki na 2011 sun wajabta cewa mai takardar shaida ne kaɗai zai haɗa wa gini waya, da kayan da aka amince da su. Bayan fashewar Atomik gwamnati ta yanke shawarar a koma tsarin musayar tukunya, wato a riƙa ɗura gas a manyan masana'antu nesa da jama'a, mutum ya kawo wofi ya karɓi cikakkiya. Wannan ita ce hikimar shiyya a mafi sauƙin siffarta: a ɗauke aikin da ya fi haɗari daga tsakiyar mutane. Sai dai an ɗauki shekaru kafin tsarin ya soma kankama. A 2017 kuma aka kafa Asusun Raya Zanguna, a 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin gyaran kwarin Odo, Nima tana cikin unguwannin da aikin ya shafa.

Matsalar ita ce tsarin shiyya an gina shi ne a kan zaton cewa akwai fili, akwai shinge, akwai mai wuri guda da za a kama da laifi. Matatar Tema tana da duk waɗannan. A lungun Maamobi kuwa mai walda yana jingine da mai sayar da fetur a kwalba, bayansu injin niƙa yana tayar da ƙurar masara, ƙarƙashinsu duka kwata ce a buɗe. Tazarar mita uku da littafi yake nema, a nan ɗakin wani ne da iyalinsa. Wannan ƙunci gadon tarihin da muka faɗa a sama ne, ba halin mutanen ba ne.

Kammalawa

Duk da haka, jigon ilimin bai fi ƙarfin kowa ba, domin tambayoyi uku ne. Me yake nan da zai iya kamawa? Idan ya tsere, ina zai gangara? Me yake can da zai kunna shi? Wanda ya yi wa shagonsa waɗannan tambayoyi ba zai ajiye tukunyar gas kusa da bakin kwata ba, ba zai zuba wa janareta mai yana aiki ba, ba zai sa soket a ƙasa kusa da jarkar fetur ba. Idan ya ji warin gas a ɗaki zai buɗe ƙofa da taga, ba zai taɓa makunni ba, ko don kunnawa ko don kashewa, domin darasin Senghenydd shi ne tartsatsi yana fita a lokacin raba waya. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa, waɗanda suka saba sasanta rikicin fili, suna da bakin da za su tambayi hukuma kafin a kafa gidan mai ko na gas a unguwa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan ɗalibin Hausa. Gargaɗin da yake jikin famfo da tukunyar gas da Turanci yake, alhali a Nima da Maamobi da Sabon Zongo Hausa ce harshen kasuwa. Harshen yana da kayan aiki: tururi, tartsatsi, makunni, gangare, shiyya, gobara. Abin da ya rage shi ne a daidaita su, a rubuta, a faɗa a rediyo da makarantu, a kuma yi la'akari da yadda Gananci yake furta su. Batun bai tsaya a Gana ba, domin a watan Oktoba na 2024 fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa ta ci rayukan fiye da mutum 150. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.